Bayan Dawowa Daga Sararin Samaniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Farfaɗowar Jijiyoyi da Tsokoki

Duk wanda ya taɓa kallon saukar 'yan sama jannati ya ga wannan: kumbo ya dira, an buɗe murfi, sai ga ma'aikata sun cicciɓo ƙato lafiyayye sun ɗora shi a kujera, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Tambayoyin da ke ƙasa daga wannan hoton suka taso. Da yake kalmar jijiya a Hausa ta haɗa ta jini da ta saƙo, a nan idan na ce jijiyoyi kawai, ina nufin waɗanda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da gaɓoɓi. Ta jini kuwa zan kira ta da sunanta.

Wai babu ƙarfin jan ƙasa a can sama ne, shi ya sa suke shawagi?

Akwai shi, da ƙarfinsa ma. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kimanin kilomita 400 ne daga doron ƙasa, kuma a wannan nisan ƙarfin jan duniya ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji. Abin da ke faruwa shi ne, tashar da mutanen cikinta faɗowa suke yi tare, sai dai gudun da take yi na kusan kilomita 28,000 a awa ya sa faɗuwar ta zama kewaya duniya, sau ɗaya duk minti 90. Tun da daɓen ɗakin ma faɗuwa yake yi tare da kai, babu abin da zai tokare maka tafin ƙafa. Wannan tokarewar ita jiki ya sani a matsayin nauyi, kuma rashinta ne tushen kusan duk abin da za mu tattauna.

Me ya sa ake ɗaukar su a kujera idan sun sauka? Ƙafafunsu sun mutu ne?

Ba su mutu ba. Abubuwa uku ne ke haɗe wa mutum a sa'a guda: jini na zubowa ƙafafu yana barin kai, kunnen ciki na aika wa ƙwaƙwalwa saƙon da ta manta fassararsa, tsokokin tsayuwa kuma sun yi watanni ba su ɗauki gangar jiki ba. Ga shi kuma ya fito daga saukar da ta danne shi da nauyin da ya ninka nasa kusan sau huɗu. Da yawansu za su iya miƙewa idan ta kama dole, amma likitoci ba sa son mutum ya faɗi ya karye a ranar da ƙashinsa ya fi rauni.

An koyi wannan darasin ne da wahala. A watan Yunin 1970, Andriyan Nikolayev da Vitaly Sevastyanov na Tarayyar Sobiyet suka dawo a kumbon Soyuz 9 bayan kusan kwana 18, ba tare da isasshen motsa jiki a sama ba. Da kyar suke iya tsayuwa, sai da aka yi kwanaki ana jinyarsu kafin tafiya ta dawo musu sosai. Shekara 25 bayan haka, a watan Maris na 1995, likita Valeri Polyakov ya sauka bayan kwana 437 a Mir, tashar sararin samaniyar Rasha, ya taka da ƙafarsa 'yan taku daga kumbo zuwa kujerar da aka ajiye masa. Abin da ya raba kwana 18 na waɗancan da kwana 437 na wannan shi ne motsa jiki na kullum, ba fashi.

Mene ne ainihin abin da ke rikicewa a kunne?

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan jakunkuna biyu a kowane ɓangare. A cikinsu akwai ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, zaune a kan wani abu mai kauri kamar majina, a ƙarƙashinsa kuma gashi ne siriri da ke haɗe da jijiya. Idan ka karkata kai, nauyin tsakuwoyin zai ja su gefe, gashin ya lanƙwashe, jijiya ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya karkata. Haka kuma idan mota ta figa da kai gaba, tsakuwoyin za su zame baya. Wato motsi iri biyu, karkata da zabura, duk da harshe ɗaya kunne ke faɗarsu, ƙwaƙwalwa ce ke tantance wanne ne wanne, tana duba abin da ido ya gani da abin da ƙafa ta ji.

A sama, karkata kai ba ya motsa tsakuwoyin ko kaɗan. Ido na cewa ka juya, kunne ya yi shiru. Wannan saɓanin ne ke jawo tashin zuciya da amai ga fiye da rabin 'yan sama jannati a kwana biyu zuwa uku na farko. Daga nan sai ƙwaƙwalwa ta yi abin da ta gwanance a kai, ta sake lissafi: ta rage dogaro da kunne, ta jingina da ido, kuma bisa bayanin da masana da yawa suka karɓa, ta fara ɗaukar duk wani motsin tsakuwoyin a matsayin zabura.

To, sai mutum ya dawo ƙasa da wannan sabon lissafin. Ya ɗan sunkuyar da kai don ya dubi takalminsa, tsakuwoyin suka zame, ƙwaƙwalwa ta ce an wurga shi. Sai ya ji ɗakin ya tafi da shi alhali yana zaune. Shi ya sa za ka ga wanda ya sauka yana riƙe wuyansa a sanƙare, in zai dubi gefe sai ya juya da dukan jikinsa a hankali. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, babu jijiyar da ta lalace. Ƙwaƙwalwar ta koyi darasin wata duniya ne, ta kuma koye shi da kyau, yanzu sai ta sake koyon na gida.

Kwana nawa wannan jirin ke ɗauka?

Mafi tsananinsa a awannin farko ne, kuma yana raguwa da sauri a kwana biyu zuwa uku. Wanda ya yi wata shida yakan samu tsayuwarsa ta daidaita a cikin mako guda ko fiye kaɗan, tafiya mai kwana da tsallake abubuwa kuma takan kai kimanin mako biyu.

Akwai gwajin da ke tona asirin abin. A cikin tantin likitoci da ake kafawa kusa da inda Soyuz ya sauka a filayen Kazakistan, akan ce wa mutum ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya rufe ido, ya yi tafiya a miƙe yana ɗora diddigen wannan ƙafa a gaban yatsun waccan. Kafin tafiyarsa sama yana yin wannan ba tare da ya ko yi tunani ba. Ranar sauka kuwa, taku ɗaya, na biyu, sai ƙafar ta fice daga layi, kafaɗa ta tafi gefe, mutane biyun da ke biye da shi su tare shi. Da ido a buɗe abin da sauƙi, domin ido na rufa wa kunne asiri. Wannan ne ya sa ba a barin su tuƙa mota sai an yi 'yan makonni, likita ya amince.

Da gaske ne suna sakin kofi a iska suna zaton zai tsaya?

Yana faruwa a kwanakin farko, kuma 'yan sama jannati da dama sun ba da labarinsa. Hannu ya saba da cewa abin da aka saki yana nan inda aka bar shi.

Wani gwaji da aka yi a kumbon Columbia a 1998, a tafiyar kwana 16 da aka keɓe don nazarin jijiyoyi mai suna Neurolab, ya nuna ɗaya fuskar lamarin. An riƙa harbo wa 'yan sama jannati ƙwallo daga sama su cafe, sai aka ga hannunsu na shirin cafewa tun kafin ƙwallon ta iso, kamar dai ƙwaƙwalwa na jiran ta ƙara gudu yadda take yi a ƙasa. Ashe lissafin faɗuwar abubuwa a dashe yake a cikinmu, kuma ba ya gogewa gaba ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da ake ganin sun sa komawa tsohon hali ke zuwa da sauri.

Waɗanne tsokoki ne suka fi ramewa?

Waɗanda aikinsu shi ne hana ka faɗuwa: na sha-raɓa, na cinya, na ɗuwawu, da waɗanda ke kewaye da ƙashin baya da wuya. Hannuwa ba sa ramewa sosai, domin da su ake tafiya a cikin tashar, ana kama wannan ana tura wancan.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ke ƙarƙashin babbar tsokar sha-raɓa. Duk lokacin da kake tsaye tana aiki a ɓoye, tana ja tana saki don kada ka kife gaba. Yawancin zarurukanta masu aiki a hankali ne, marasa saurin gajiya. Wani nazari da aka wallafa a 2009 a kan mutum 9 da suka yi kimanin wata shida a tashar ya gano cewa girman tsokar sha-raɓarsu ya ragu da kashi 13 cikin 100, ƙarfin zaburarta kuma ya ragu da kashi 32, duk da suna motsa jiki. An kuma ga wasu zarurukan masu juriya sun rikiɗe sun koma irin masu sauri, waɗanda ke gajiya nan da nan. Ke nan tsokar ta rame, ta kuma canza hali.

Me ya sa ƙarfin da aka rasa ya fi ramar da aka yi?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a wannan shafin. Tsoka ba ta motsa kanta. Kowace jijiya da ta fito daga laka tana riƙe da wani rukuni na zarurukan tsoka, kuma ƙarfinka ya dogara ne da yawan rukunonin da ƙwaƙwalwa za ta iya tasa a lokaci guda, da saurin da take aika musu umarni, da kuma yadda take sa tsokar da ke kishiyantar motsin ta saki. Idan aka daɗe ba a nemi wannan aikin ba, umarnin na yin rauni tun kafin nama ya fara zubewa. Su ma zarurukan da suka rage, ƙarfin kowane ɗayansu yana raguwa.

Masaniyar nan ta Rasha, Inessa Kozlovskaya, wadda ta yi shekaru da dama a Cibiyar Nazarin Matsalolin Lafiya da Halittu da ke Mosko, ta nuna cewa tafin ƙafa na da babban matsayi a wannan. Matsin da fatar tafin ƙafa ke ji shi ke gaya wa laka ta bar tsokokin tsayuwa a ɗaure. Da zarar matsin ya ɗauke, tsokokin sai su saki, tun a awanni da kwanakin farko. Ita da abokan aikinta sun gwada takalmin da ke matsa tafin ƙafa da iska bi da bi, kamar mutum na tafiya, suka ga yana rage wannan sakin.

Abin farin ciki shi ne, ɓangaren jijiya shi ke fara dawowa. A makonnin farko ƙarfin mutum na ƙaruwa fiye da yadda namansa ke cikowa. Haɗarin kuma a nan yake: mutum ya ji garau, zuciya ta ce masa ya ruga da gudu, alhali tsoka da agara da ƙashi ba su shirya ba.

Ba ana cewa suna motsa jiki kullum a can ba?

Suna yi, kimanin awa biyu a rana. Akwai injin gudu wanda ake ɗaure mutum a kansa da ɗamara da igiyoyin roba don su ja shi ƙasa, akwai keke, akwai kuma na'urar ɗaga nauyi mai suna ARED da aka kai tashar a ƙarshen 2008. Tun da ƙarfe ba shi da nauyi a can, na'urar na amfani da bututun da aka zuƙe iskar cikinsu don ta ba da turjiya har ta kilo 270. Waɗanda aka yi wa nazarin 2009 ɗin can sun yi tafiyarsu ne kafin zuwanta, kuma tun da ta zo 'yan sama jannati ke dawowa da ƙarfi fiye da da. 'Yan Rasha kuma suna da wata riga mai igiyoyin roba da ke tilasta wa jiki yin aiki ko da mutum na zaune.

Sai dai awa biyu ba za ta maye gurbin sauran awa 22 ba. Kuma babu injin da ke koya wa kunne nauyi.

Yaya ake yi musu gashi bayan sun dawo?

A hukumar NASA ta Amurka, shirin na kwana 45 ne, awa biyu kullum, ƙarƙashin ƙwararrun masu horar da jiki a Houston, kuma ana farawa tun washegarin sauka. 'Yan hukumar sararin samaniya ta Turai akan kai su birnin Kolon na Jamus, inda ake musu mako uku na gashi mai tsanani. 'Yan Rasha kuma a Cibiyar Gagarin da ke kusa da Mosko suke farawa.

Da ƙananan abubuwa ake somawa: miƙe gaɓoɓi, tausa, tafiya a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsayuwa a kan katifa mai laushi, jefa ƙwallo da cafewa ana juya kai da gangan. Wannan na ƙarshen yana tayar da zuciya, amma dole ne, domin ƙwaƙwalwa ba ta gyara lissafinta sai ta yi kuskure ta ga sakamakonsa. Wanda ya kwanta ya ƙi motsa kai don gudun jiri, jirinsa ya fi daɗewa. Ana yawan amfani da kwamin ninƙaya, saboda ruwa na ɗauke wani kaso na nauyin jiki. Gudu da tsalle da ɗaga kaya masu nauyi su ne ƙarshen abin da ake bari.

Akwai dalilin wannan taka-tsantsan. Gwaje-gwaje a kan ɓerayen da aka kai sama sun nuna cewa wata ɓarnar ma bayan saukowa take faruwa: zarurukan da suka yi laushi suna yagewa idan aka ɗora musu nauyi farat ɗaya, tsokar ta kumbura. Tsamin jikin da 'yan sama jannati ke kuka da shi a makon farko yana da alaƙa da wannan.

Me ya sa suke kukan ciwon tafin ƙafa da baya?

Kantar tafin ƙafa na saɓulewa a sama har fatar ta koma laushi, kanta kuma ta fito a bayan ƙafa, inda suke saƙala ta a maƙalai don su tsaya wuri guda. Chris Hadfield na Kanada, da ya dawo a watan Mayun 2013, ya kwatanta takunsa na farko da tafiya a kan garwashi, ya kuma ce har nauyin leɓɓansa da harshensa ya riƙa ji idan zai yi magana. Scott Kelly, bayan kwana 340, ya dawo a 2016 ya yi fama da kumburin ƙafafu da ƙuraje a duk inda fatarsa ta taɓa kujera ko gado. Frank Rubio, wanda likita ne, ya ambaci tafin ƙafa da ƙasan baya bayan kwana 371 da ya kammala a watan Satumbar 2023.

Shi baya, lamarinsa ya fi nauyi. Ƙashin baya na miƙewa a sama har mutum ya ƙara tsawo da 'yan santimitoci, tsawon da ke ɓacewa jim kaɗan bayan sauka. Ƙananan tsokokin da ke riƙe gaɓoɓin bayan suna ramewa, kitse ya shiga cikinsu. Wani nazari na 2010 ya gano cewa haɗarin gocewar faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya ninka fiye da sau huɗu a wajen 'yan sama jannati, kuma ya fi yawa a shekarar farko bayan dawowa.

Suma fa? Me ya haɗa ta da jijiyoyi?

A sama ruwan jiki na taruwa a ƙirji da kai, sai jiki ya ga kamar ya yi yawa, ya rage ruwan jini da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Jijiyoyin saƙon da ke matse jijiyoyin jinin ƙafafu idan mutum ya miƙe su ma sun daɗe ba su yi aikin ba. A watan Satumbar 2006, Heidemarie Stefanyshyn-Piper ta sulale tana tsaka da jawabi a bikin tarbarsu a Houston, bayan tafiyar kwana 12 kacal. Don rage wannan, sukan sha ruwa da gishiri kafin saukowa, su kuma sa wando mai matse ƙafafu da ciki. Yawanci abin na wucewa cikin 'yan kwanaki.

Komai yana komawa yadda yake?

Kowane sashe da nasa lokacin. Daidaiton tsayuwa da tafiya, kwanaki zuwa makonni. Girman tsoka da ƙarfinta, wata ɗaya zuwa 'yan watanni, na baya kuma sun fi jinkiri. Ƙashi shi ne mai nawa: na ƙugu na iya rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ma'adinansa a kowane wata a sama. Nazarin da masana na Jami'ar Calgary suka fitar a 2022 a kan mutum 17 ya nuna cewa bayan shekara guda da dawowa, ƙashin ƙwaurin da yawansu bai koma yadda yake ba, musamman waɗanda suka wuce wata shida.

Ita ma ƙwaƙwalwa tana canza zama. Hotunan MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, da aka wallafa a 2017 sun nuna tana ɗan matsawa sama a cikin ƙoƙon kai, kuma kogwannin ruwan da ke tsakiyarta suna faɗaɗa. Wani nazarin na 2023 a kan mutum 30 ya nuna alamar cewa kogwannin na iya buƙatar shekara uku kafin su koma. Wasu kuma kan dawo da canji a bayan ƙwayar ido, wanda a wajen wasu yakan daɗe.

Wanda ya taɓa zuwa yana saurin warwarewa a karo na biyu?

Ta fuskar jiri da daidaito, sau da yawa haka ne, kamar ƙwaƙwalwa ta ajiye lissafin biyu tana sauya su. Tsoka da ƙashi kuwa ba su da wannan gatan, kowace tafiya sai sun biya.

Yaya ake nazarin wannan, ga shi masu zuwa sama ba su da yawa?

Da kwanciya. Ana samun masu sa kai lafiyayyu su kwanta a gadon da aka karkata da digiri 6, kai ƙasa ƙafa sama, su ci su yi wanka su yi komai a haka har kwana 60 ko fiye. Ana yin wannan a Kolon da kuma Tulus ta Faransa, kuma a Mosko an taɓa yin na kwana 370 tsakanin 1986 da 1987. 'Yan Rasha na da wata hanyar: a shimfiɗa leda mai faɗi a kan bahon ruwan ɗumi, mutum ya nutse a ciki ba tare da ya jiƙe ba, babu abin da ke tokare masa jiki ta ko'ina. A 2019 an gwada ɗora masu kwanciyar a wata na'ura mai juyawa kamar majajjawa, minti 30 a rana, don a ga ko nauyin da juyawar ke samarwa zai kare jiki.

Wannan ilimin na da amfani ga wanda ba zai taɓa zuwa sama ba?

Sosai ma, kuma wannan ne ya sa batun ke ci mini rai. Tsohon da ya yi mako biyu a gadon asibiti yana rasa tsokokin nan dai da ɗan sama jannati ke rasawa, jiri na ɗibarsa idan ya miƙe saboda dalili iri ɗaya, sai dai shi ba shi da ƙarfin da ya tara tun farko, ba shi kuma da masu horarwa da ke jiransa. Abin da likitoci ke nanatawa yanzu, cewa a tayar da majiyyaci ya zauna, ya tsaya, ya taka da wuri gwargwadon yadda lafiyarsa ta bari, ya dace da abin da aka gani a sama. Daga waccan rigar robar ta 'yan Rasha aka samo wadda ake amfani da ita wajen koya wa yara masu lalurar ƙwaƙwalwa tafiya, takalmin matsa tafin ƙafa kuma ya shiga ɗakunan jinyar masu shanyewar ɓarin jiki a Rasha.

To idan aka je duniyar Mars, wa zai ɗauke su a kujera?

Babu kowa. Tafiyar za ta ci wata shida zuwa tara cikin rashin nauyi, sannan su sauka a inda nauyi yake kashi 38 cikin 100 na namu, wanda ƙwaƙwalwarsu ba ta taɓa saninsa ba. Saƙon neman shawarar likita na iya ɗaukar sama da minti 20 kafin ya iso duniya, amsa ma haka. Dole su kwance ɗamararsu da kansu, su miƙe, wataƙila su sa rigar da ta kusa nauyin mutum su sauko ta tsani, duk a cikin awannin da kunne ya fi rikicewa.

Saboda haka ne gwajin cikin tantin Kazakistan ya wuce tafiya a layi. Akan sa wanda ya sauka ya tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ya kwanta rubda ciki ya miƙe kamar wanda ya faɗi, ya tsallake ɗan shinge, ana auna daƙiƙoƙin da kowanne ya ɗauka, a sake aunawa bayan 'yan awanni, a sake washegari. Daga waɗannan alkaluman ne masu tsara tafiyar za su yanke yawan kwanakin da mutanen farko za su zauna a cikin kumbonsu a kan Mars kafin a ba su izinin buɗe ƙofa.